Mai Rediyon da Ya Mayar wa Yayarsa Murya

Kullum ƙarfe takwas Mai Rediyo ke buɗe shagonsa, ya goge teburi, ya jera kayan aiki, ya zauna jiran mutanen da suka daina sauraron rediyo. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Bana zai rufe, idanu sun gaji.

Ba gyaran rediyo ya sa nake jinjina masa ba. Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikin yayarsa ya shanye, magana ta ɗauke. Wayar shafawa ba ta jin yatsan da ke rawa. Amma 'yar na'urar wasa ta hannu, irin wadda ake kashe dodanni a ciki, tana da maɓallai na gaske, kuma babban yatsan Yaya na hagu yana motsi. Sai ya ƙudurta rubuta manhajar da za ta yi magana idan an danna.

Ashe kamfanin da ya ƙera na'urar ya kulle ta. Taka ce, amma ba ka isa ka saka mata abinka ba. Ya rubuta musu yana neman izini. Suka amsa cikin ladabi, suna tambayar sunan kamfaninsa da yawan ma'aikata.

"Ka ce mu biyu ne," in ji tela maƙwabcinsa. "Ni ne manaja."

Wata bakwai ya yi yana laluben ɓarauniyar hanya a shafukan intanet na masu irin taurin kansa, har ya samu. Ya naɗi muryar 'yar Yaya, jimloli arba'in, ya saka a na'urar. Yaya ta koma ba da umarni.

Rannan surukinta, mai digiri biyu, ya ga na'urar na tambaya ko a sabunta ta. Ya danna "eh", wai taimako. Sabuntawar ta toshe hanyar. Yaya ta sake yin shiru kwana ashirin da uku, har abinci ta fara turewa.

Mai Rediyo, kai ne ba ka zagi kowa ba, ko da surukin ya cancanta. Ka sake buɗe na'urar, ka rubuta yadda ake yi, mataki-mataki da Hausa, ka saka inda kowa zai samu. Ranar da ka miƙa wa Yaya, dangi suka kewaye gado suna jiran ta gode maka. Ta lalubi maɓalli, ta danna.

"Ku rage surutu."

Mun gode, Mai Rediyo. Allah ya ƙara wa idanun nan haske. Mu kuwa masu takardun shaida a bango, akwai gidaje biyu masu irin wannan majinyaci da suka bi bayanin Mai Rediyo suka maƙale a mataki na shida. Ba su da nisa. Wani ya sa takalmi ya je.