Kaset ɗin Bajamushen Zango

Ni ne na goge muryar ɗa kafin uwarsa ta ji ta. Gara in faɗa tun yanzu, kada a ƙarshe ku ce na yi ta kewaye-kewaye don in wanke kaina. Kuma duk a kan ƙwallon Jamus ne, ƙasar da har yau ƙafata ba ta taka ba.

A Zangon Sokode, a shekarun nan da ƙasa ta rikice, in aka tayar da maganar ƙwallon Jamus ni ake kallo. Lakwal dai, wato boko, a aji biyar na bar ta, malamin ya ce bakina ya fi kaina nauyi. Amma sunayen 'yan wasan nan masu karya haƙori, zuba su nake kamar hadda. Duk sati tele kan nuna wasansu, mu taru a rumfar Baba mai shayi, a jona ta da batirin mota. Da aka shiga dogon yajin aiki sai tele ta koma sanarwa da raye-raye, ƙwallo sai an ga dama. To, ni na zama telen. In kafa gwangwanin madara a baki in kawo musu wasa tun daga farko har busa, wanda aka buga da wanda ba a taɓa bugawa ba. Bencin gaba nawa ne, ba mai zama mini.

Ni ɗan ƙungiyar masu jar riga ne, kuma maganata guda: Bajamushe ba ya mutuwa sai alƙali ya busa. Akwai wani tela da kullum muke yi da shi. Ya ce ƙwallonsu ba gishiri, gudu ne kawai kamar an koro jakuna daga gona. In ce masa, je ka kalli masu adon, su yi ta yanga a ci su uku. Sai wani tsoho ɗan unguwar Komah ya ajiye kofi ya raba mu.

"Ku yara, Jamusawa ba su san wasa ba tun zamanin da suka mulki kakanninmu. Mangwaron da suka dasa ga shi nan yana 'ya'ya har yau."

"Baba, ai bulala ma sun iya," in ji tela.

"Ita ma ai har yau ba a manta ba."

A ƙarshen benci kuma akwai abokina, ɗan mahauci, wanda muka tashi tare tun muna yawo ba wando. Allah ya sani bai san komai a ƙwallo ba. Barci yake kafin a je hutun rabin lokaci. Ya taɓa tambayata me ya sa mai tsaron gida rigarsa daban, ko shi ne limaminsu? Wata rana ya je kai nama ya faɗa tsakiyar masu zanga-zanga, aka kwashe da shi, ya kwana uku ya dawo da kumburarriyar fuska. Shi da ko kare bai taɓa jifa ba. Yayyensa suka ce zama bai gan shi ba, suka fitar da shi ta Gana, sai ji muka yi wai yana Jamus yana neman mafaka. Jamus! Shi! Ni kuma da na san sunan mai tsaron gidan kowace ƙungiya, ina nan da gwangwanina. Uwarsa, da muke ce wa Inna, ta tattara ta koma Dapaong wurin ƙaninta.

Wata takwas ba labari. Sai ga wani ɗan kasuwa ya iso da kaset. Mu lokacin wasiƙarmu ke nan: ka zuba maganarka a kaset, a saurara, a ɗora amsa a kan wannan kaset ɗin a mayar. Mutumin ya ce gefe ɗaya na 'yan rumfa ne, ɗaya na Inna, kada wanda ya taɓa nata.

Aka kunna namu. Ya gaida kowa da kowa, har karen Baba mai shayi. Sannan ya gyara murya.

"Ina mai bakin rediyo? Yana nan? To ku matso da shi. Aboki, na shiga filin da idona. Ciyawar nan ta fi kafet ɗin masallaci laushi. Ɗan wasan da kake ce wa gajere, wallahi sai ya sunkuya zai shiga zauren gidanku. Masu jar rigar nan naka kuwa, a garin da nake ba mai son jin sunansu, an ce girman kai gare su. Masu rigar ɗorawa su ne mazaje. Kuma wasan da tele ke nuna muku tsoho ne, ya kwana biyu. Kuna nan kuna musun wa zai ci, su sun ci sun yi wanka sun manta."

Rumfa ta fashe da dariya. Tela har da faɗowa daga benci.

Na ce, "Wannan da bai san limami da mai tsaron gida ba?"

"Ya dai gani da ido," in ji Baba mai shayi.

Shi ke nan. Kwana biyar a jere ana kunna kaset ɗin nan. Na ɗauko gwangwani, a ce in dakata Bajamushe yana magana. Na buɗe baki, a ce wane wata aka yi wasan? Tela ya koma ɗan masu rigar ɗorawa dare ɗaya, shi da ya ce jakuna ne. Na zo wata la'asar na tarar rediyon a kan bencina, an shimfiɗa mata tsumma. Ina ta murmushin yaƙe. Ba sanyin Jamus nake so ba, ba takalmin da aka ce yana sawa ba. Filin nan nake so, minti biyar kawai. Aka rasa wanda za a ba sai mai barci.

Ana nan sai yayana ya ce in tafi Dapaong in kwana biyu wurin abokin cinikinsa, don garin ya fara zafi kuma ya san bakina. 'Yan rumfa suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, in kai wa Inna kaset, in na dawo da amsarta sai a taru a ɗora tamu. A taru? Ni da aka ci wa fuska in jira tela ya sa baki?

Da safe kafin in je tasha na shiga shagon yayana, na tura ƙofa, na cusa takarda a 'yan ramukan kaset ɗin don ya yarda a ɗora magana, na zura shi a rediyo na danna jan maɓalli. Na zuba. Na ce, kai Bajamushen Zango, ganin Makka ba shi ne Hajji ba. Na ce akuya ma in an kai ta fili za ta yabi ciyawa. Na lissafa masa abin da masu jar riga suka yi wa 'yan ɗorawarsa, na kwaikwayi munsharinsa, na tuna masa maganar limami. Na yi kusan minti ashirin, na kashe ina haki. Ban saurara ba. Batir ya yi wuya lokacin, kuma direba yana ta hon. Na san dai na goge fankamarsa.

Hanyar arewa shinge bayan shinge. A sauko, a buɗe jaka, a koma. Kaset kuwa abin tuhuma ne, don a ciki ake yawo da maganganun siyasa. Na tsallake duka sai a Bombouaka, saura ƙiris mu isa. Wani soja ya lalubo shi a aljihuna.

"Mene ne wannan?"

"Gaisuwa ce, shef. Ta ɗa da uwa."

Ya miƙa wa direba ya ce ya kunna. Ni har na gyara tsayuwa, ina jiran 'yan mota su ji gwaninta. Sai na ji: "Ina mai bakin rediyo? Yana nan?"

Muryarsa. Garau, ko harafi bai ɓace ba. Ciyawa, kafet, zauren gidanmu, duk suna nan. In nasa na rumfa yana nan, to a kan me na zuba nawa?

Sojan ya saurara har da gyaɗa kai. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Masu jar riga girman kai." Ya jefo mini kaset ɗin. Har soja!

Daga nan zuwa Dapaong shaiɗan ya zauna kusa da ni. Taga a buɗe, daji dama da hagu. In cilla shi, in ce sojoji sun ƙwace, wa zai musa a irin wannan zamani? Na fito da shi sau biyu na mayar. Zan so in ce tausayin Inna ne ya riƙe hannuna. Akwai shi. Amma tsakani da Allah, na kuma tuna in na jefar, raddina ya bi iska, mutumin ba zai taɓa jin maganar akuya ba.

Na same ta a ƙofar gidan ƙaninta tana kwashe tukunyar wake da shinkafa, abin da take sayarwa ke nan. Na durƙusa na gaishe ta. Da ta ji daga ina saƙon ya fito sai ludayin ya suɓuce mata. Ta wanke hannu, ta canza mayafi kamar mai zuwa tarbar baƙo, ta sa aka aro rediyo a maƙwabta. Ta ce kowa ya fita sai ni, tunda ni na iya kunnawa.

"Inna, akwai wata 'yar magana…"

"Bari in ji ɗana tukun."

Na danna. "Kai Bajamushen Zango! Ganin Makka ba shi ne Hajji ba!"

Ta dube ni, ta dubi rediyo. Na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi." Haka muka zauna ina jin kaina ina munshari a gaban uwar mutum. Ban taɓa sanin muryata na da muni haka ba. Can na ji kaina ina haki, aka yi ƙas, sai wata murya ƙasa-ƙasa, ba irin ta rumfa ba:

"…to shi ke nan, Inna. Wannan da na gaya miki ya tsaya tsakaninmu, ko su Yaya kada su ji. Ki sa ni a addu'a."

Sai shuuu, har zaren ya ƙare.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ce, "Me ya gaya mini?"

"Ban ji ba, Inna. Wallahi ban saurara ba."

"Kai ba ka ji ba, ni ban ji ba." Ta nuna rediyon. "Juya mini ɗaya gefen."

"Maganar ƙwallo ce kawai."

"Da bakin wa aka yi ta?"

Na juya. Ta kara kunne, idonta a rufe. Inda rumfa ke dariya ita ba ta ko motsa ba. Da ya ƙare ta ce in mayar baya. A karo na uku ta ɗaga yatsa.

"Ka ji? Ya yi tari sau huɗu, yana kauda baki don kada ku ji. Kuma wannan dariyar ba tasa ba ce. Haka yake yi in an dake shi a waje ya shigo gida."

Kwana biyar muna jin kaset ɗin nan a rumfa, mu goma sha, ba wanda ya ji tari. Ni dai jar riga kawai na ji.

Ta ce, "Su waye masu rigar ɗorawan da yake so?"

Na fara yi mata bayani, kuma don kunya na yabe su, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba sa gajiya, na ce magoya bayansu ba sa gudunsu ko an ci su. Ta ce, "To Allah ya ba su nasara." Na ce amin, da bakina.

Washegari na ce ta ɗora amsarta a kan shirmena, a mayar. Ta ce wannan kaset ba inda za shi. In aka ɗora wani abu, wa ya san ko 'yar wutsiyar muryarsa ma za ta tafi? Ƙaninta ya ba da wani tsohon kaset, ta yi maganarta ina waje. Sannan ta kira ni ta nuna jan maɓalli.

"Ɗana, kai ne mai baki. Gaya masa abin da ka yi."

Ni da nake cika awa da gwangwani, minti ɗaya ya gagare ni. Na ce, aboki, ni ne. Na goge na Inna. Ka sake faɗa mata. Ban yi maganar akuya ba.

Amsa ta ɗauki watanni. Na riga na koma Sokode, tele ta dawo da ƙwallo, na karɓi bencina, amma ko na rantse sai an ce a jira ta bakin Bajamushe. Da kaset ya zo ni na sake kai mata, kuma wannan karon a tsumma na naɗe shi na ɗaure. Ta ce in zauna in ji. Ya gaishe ta, ya tambayi ciwon ƙafarta, sannan ya ce, "Wancan zancen, Inna, bar shi. Ya wuce." Ta mayar baya sau uku, iyakar abin ke nan. Ni kuwa a gefenmu layi ɗaya ya ba ni: wai in daina wasa da jan abu, ko riga ko maɓalli.

Har ta koma ga Allah ba ta san abin da ya gaya mata ba. Ya zo gida sau biyu tun daga nan, mun ci tsire, mun yi musu, ban iya tambayarsa ba.

Kaset ɗin farko kuwa, tana da rai, kullum yana gefen tukunyarta, tana zuba wake yana magana. Na tsaya can wata safiya, sai na ji wani ɗan ƙabilar Moba mai tura amalanke, wanda na tabbata bai taɓa ganin ƙwallon Jamus ba, yana miƙa kwano yana ce wa na bayansa, "Masu jar riga ai girman kai gare su."

Na buɗe baki. Inna ta ɗago ta dube ni. Na rufe.