Littafin da Ka Bar Mini, Mai Sifana

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, 'yarka ta fari ta zo ɗakina ta ce ka rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kai kaɗai ka rage mai leƙo ni, yanzu ƙofar ta yi shiru.

A wurin zaman makoki wakilin masaƙar da muka yi wa aiki ya ce kai mutum ne mai biyayya, ba ka taɓa ja da na gaba ba. Tsufa ya hana ni miƙewa in musa masa, amma hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ba haka kake ba.

Ni ne akawun ofishin ma'aikata lokacin da aka kawo sababbin injuna. Manaja ya ce mutum ɗaya za a tura kwas, domin in kowa ya iya, kowa zai nemi ƙarin albashi ko ya gudu inda ake biya da kyau. Kai aka zaɓa, kai da ba ka rabuwa da sifanar gyaran inji. Ni na buga takardar sharaɗin cewa ba za ka koya wa kowa ba, kai kuma ka dangwala yatsa kana murmushi.

Mako biyu da dawowarka ka fara tara masu shara da masu ɗaukar kaya a bayan sito lokacin hutun rana. Da yake ba ka rubutu, sai ka zo da littafi mai baƙin bango ka ce, "Akawu, hannun da ya buga haramcin shi zai rubuta karatun, ko Allah Ya yafe masa." Kana faɗa ina rubutawa, har da yadda ƙarar inji take canzawa kafin bel ya tsinke.

Da asiri ya tonu, aka rage maka matsayi. Shekara goma sha ɗaya albashinka bai motsa ba. Takardar rage matsayin ma ni na buga, kuma har yau kunyarta ba ta sake ni ba. Amma mutum ashirin da uku sun bar tsintsiya sun kama inji, wasu albashinsu ya ninka naka. In an tsokane ka da haka, sai ka ce ai shi ne abin da ake nema.

Shekaranjiya masaƙa ta aiko a karɓi littafin, wai kayanta ne. Na ce wa ɗan aiken ai ya makara. 'Yarka ta riga ta kai an yi kwafi arba'in, ta raba su a bakin get ɗin masaƙar. Na asalin yana ƙarƙashin matashina, mai so ya zo ya ɗaga tsoho.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya biya ka abin da aka hana ka a nan. Uwargidanka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.