Fitilar Shi

Maigidana shi ya fara keta jigawar da ke tsakanin ƙauyenmu da Maigatari. Kafin shi, mai zuwa kasuwa sai ya zagaya ta Gumel. Shi kuwa ya kora jakunansa ya bi rairayi, ya ɓata, ya dawo, ya sake komawa, har sawunsa ya zama hanya. Yau motoci ke binta, direbobin ba su san wanda ya sha ƙayar ba. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Bayan rasuwarsa babban ɗanmu, mai aiki a bakin teku, ya ce can ya ga doguwar hasumiya da fitila a ƙoli, tana nuna wa jirage gaɓa, an gina ta don tunawa da wani matafiyi. Na ce, wannan matafiyin ya fi ubanka ne? Aka kafa dogon ƙarfe a mararrabar bayan gidanmu, da fitila mai cin hasken rana, sadaka ga mamaci.

Ranar da mai fenti ya zo rubuta allo, maza duk suna gona. Ya yi sallama ya ce, "Iya, sunan wa za a sa?"

Na ce, "Shi mana."

"Shi wa?"

"Kai ɗan nan, ba ka da kunya? Tun ina yarinya aka kai ni ɗakinsa, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Sai yau, don gwangwanin fentinka?"

Ya ce, "To Iya, ni ma aljanuna ba su gaya mini ba." Ya zauna gindin ƙarfen har maza suka dawo suka faɗa masa. An ce ya rubuta daidai. Ni dai baƙaƙe kawai nake gani a allo, ban san kansu ba.

Ashe ya kai labarin tasha. Kafin kaka, 'yan kamasho na kiran "Fitilar Shi! Saura mutum ɗaya!" Ɗana ya ji haushi, ya ce an mai da ubansa abin dariya. Na ce ya bar su. Allo ba mai tsayawa karanta shi. Amma duk baƙon da aka sauke a nan sai ya tambaya, shi wa? Sai a nuno masa ƙofata. In shimfiɗa masa tabarma, in kawo ruwa, in faro masa tun daga jakunan.