Uwar Rumbu, Wadda Ba Ta Yarda Tebur Ba Ya Cika Ba

Kullum da safe, kafin ta ajiye jaka, Uwar Rumbu takan leƙa kwamfuta ta ga wurin ajiyar bayanai da ya rage. Haka muke kiranta a asibitinmu, don ita ke kula da rumbun bayanan marasa lafiya. Ɗakinta ɗan ƙarami ne, ga sanyin na'ura mai ratsa ƙashi. Ko kwamfutar ta nuna komai lafiya, sai ta karkata kai ta ce, "In ji wa?"

Da aka kawo sabon tsarin kwamfuta, wakilin kamfanin da ya kawo shi ya ce teburin sakamakon gwaji, wato jerin layukan da kwamfuta ke adana sakamako a ciki, ba ya cika. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, kowane layi da lambarsa. Lambar nan a ina take ƙarewa?"

"Hajiya, kafin a kai can duk mun tsufa."

Ba ta gamsu ba. Ta lura sababbin injinan ɗakin gwaji suna zuba layuka ba ƙaƙƙautawa, kuma ranar da lamba ta ƙare, babu sakamakon da zai ƙara shiga. Sai ta fara kwashe tsofaffin layuka zuwa wani rumbu, don a sake amfani da lambobinsu.

Nan fa zargi ya juyo kanta. Wani likita ya nemi tsohon sakamako ya rasa, aka shiga raɗe-raɗi. "Goge-goge take yi." "Wa take rufa wa asiri?" Shugaban ɗakin gwaji har ya daina amsa gaisuwarta. Aka kafa kwamitin bincike, aka kira ta.

Ta juya musu fuskar kwamfuta ta ce, "Ranku ya daɗe, ku faɗi sunan duk marar lafiyar da kuke so." Duk wanda aka kira, sakamakonsa ya fito daga wancan rumbun, babu ko ɗaya da ya ɓata. Aka wanke ta, amma ba wanda ya ba ta haƙuri.

A watan nan take ritaya, kuma har yau wasu na cewa da ma teburin ba zai cika ba. Su suka sani. Uwar Rumbu, ke ce dai dalilin da ba a taɓa ce wa uwa mai goyon yaro da zazzaɓi, "Na'ura ta ƙi karɓa, ki dawo gobe" ba.

Mun gode, Uwar Rumbu, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Kai kuma da za ka gaji kujerarta, duk wanda ya ce maka abu ba shi da iyaka, kada ka ji nauyinsa, ka ce ya nuna maka.