Zabirar da Na Hana 'Yar Farina

Shekara biyar ke nan cif da muka rasa 'yata ta fari, likitar dabbobi, a Birmingham. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Ni ban taɓa zama a aji ba. Ina faɗa ne, surukata Maryam tana rubutawa a nan falonmu na Gorton, cikin Manchester, na kuma ce mata ko ta ji abin da bai yi mata daɗi ba, kada ta gyara mini.

Za ku ga ban ambaci sunan marigayiyar ba. Haka muka tashi a garinmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Da ta zama likita sai na samu sauƙi, na koma ce mata Dakta kamar kowa.

To, babana wanzami ne. Yana da zabirarsa ta fata, ta yi baƙi saboda shan hannu, a ciki akwai aska da ƙaho da 'yar tsaga. Ni ce nake riƙe masa yara in zai yi musu aiki. Shi ya koya mini yadda ake sa hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a kafaɗa, ba matsewa, ba saki, har yaro ya daina fizga. Kafin ya kafa ƙaho sai ya lumshe ido, ya bi bayan mutum da yatsa a hankali har ya tsaya daidai inda ciwon ya kwanta. Da ya rasu ba wanda ya gaje shi a cikin 'yan'uwana maza, sai zabirar ta dawo hannuna ajiya. Da ɗana Sani ya ɗauko ni zuwa ƙasar nan, a ƙasan akwatina ta zo.

Ana nan, wata Asabar Dakta ta zo daga Birmingham da murnarta. Ta ce ta ƙaro wani ilimi na mutanen Sin: siraran allurai kamar gashi, babu magani a cikinsu, ana tsira su a wurare sanannu a jikin dabba don a rage mata ciwon gaɓoɓi. Ta ce tsofaffin kyanwoyi ta fi yi wa, waɗanda suka daina iya tsalle.

Ta ce, "Inna, aikin Kaka fa nake yi. Shi ƙaho, ni allura, amma duk hannu ne yake neman inda ciwo yake. Ki ba ni zabirarsa in rataya a wurin aikina."

Na ce, "Babana mutane ya yi wa aiki. Zabirar da ta shiga gidajen mutunci ba za ta rataya a ɗakin mage ba."

Ta yi dariya, amma na ga idonta. Ta ce, "To ki zo ki gani ko sau ɗaya ne. Jirgin ƙasa ne fa, kafin ki gama carbinki mun isa."

Sau uku tana sa mini rana, sau uku ina cewa gwiwata. In mun haɗu da matan garinmu wurin suna ko walima suka tambaye ni aikinta, sai in ce likita ce, in ja bakina in yi shiru, su ɗauka ta mutane ce. Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar 'yar fari ce take hana ni. Yau ina so a rubuta gaskiya: akwai kunya, amma girman kai ya fi ta yawa. Ban so a ce jikar wanzami ta haye teku, ta ƙare da yi wa mage allura.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi mata wata biyar ba. A lokacin ne na fara hawa jirgin nan da na ce gwiwata ba za ta iya ba, ta kuwa iya. A gadon asibiti ba ta tayar da maganar zabira ba, ni ma ban tayar ba, ko da yake ta zo mini har bakin harshe. Abin da ta roƙa ɗaya ne. Tana da wata tsohuwar kyanwa da ta sa wa suna Delu, mai ciwon ƙugu. Ta ce, "Inna, kada a daina kai Delu allura."

Na ce to. Ban kai ta ba.

Delu ta dawo gidanmu. Kwanci tashi sanyi ya shigo, ta daina hawa bene, ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe. Wata safiya na tsaya a gindin matakala ina tara ƙarfin hawa, sai na gan ta a gefena, ita ma ta ɗaga kai tana kallon saman. Mu biyu, tsofaffi, kowa da ciwonta, kuma wadda ta san yadda ake lallaɓa mu ta tafi. Ranar na ce wa Sani ya nemi mutanen wurin aikin Dakta, kuma da ni za a je.

Wurin yana unguwar Aston a Birmingham, ɗan ƙaramin asibiti. Abokiyar aikin Dakta, wata Baturiya mai suna Helen, ta fito ta ce mini, "Sannu, Inna," da Hausar da Dakta ta koya mata. Ta ɗora Delu a kan tebur, ta lumshe ido, ta bi bayanta da yatsa a hankali, ta tsaya. Babana na gani.

Da ta ɗauko allura Delu ta fara fizga. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓarta, ɗaya a kafaɗa. Ta lafa. Aka jera mata alluran a gadon baya, ta lumshe ido, ta fara ɗan gurnanin nan nasu na jin daɗi. Helen ta yi magana, Sani ya fassara mini: wai haka Dakta take riƙe su, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce a wurin uwarta ta gani. Sannan matar ta nuna mini wata ƙusa a bango, babu komai a kanta. Ta ce Dakta ce ta kafa da hannunta, ta ce akwai jakar kakanta da uwarta za ta kawo wata rana. Ba su cire ba.

Ba zan ce allura ta warkar da Delu ba. Tana shan maganinta, tsufa kuma yana nan. Amma ta koma hawa bene, har yau tana raye, kuma duk wata ni nake kai ta. Ina yawan tunanin me Dakta za ta ce da ta gan ni a tashar jirgi da hijabina da sandata, ina rungume da kwandon mage. Dariya za ta yi har ta riƙe ciki. Da za ta ji ni a wurin suna ina gaya wa mata dalla-dalla irin aikin da 'yata ta yi, ban sani ba ko dariya za ta yi ko kuka. Ta jira wannan maganar tana da rai, sai da ta daina ji na iya faɗa.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa a ido: kyanwa ɗaya, da dabbobin mutane da suka samu sauƙi a hannunta, da gadon babana da na zata ya mutu, ashe a yatsunta yake.

A zuwanmu na biyu na kai zabirar, na rataye ta da kaina. Helen ta kawo ɗan kati za ta liƙa a ƙasa, ta tambayi yadda za a rubuta. Sani ya buɗe baki zai amsa, na ɗaga masa hannu. Shekara arba'in da ɗoriya ban furta sunan 'yata ba, ranar na furta a ɗakin mage, a gaban Baturiya.

Maryam, rubuta shi a nan ma, kowa ya gani. Sunanta Bilkisu. 'Yata ce.