Rarar da Inna Hindatu Ta Bari

Da hantsi, in ta sauke tukunyar koko ta share tsakar gida, Inna Hindatu takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta baje takardar buhun siminti, ta ɗauko alli da almakashi. Wanda ya leƙo zai ɗauka riga za ta yanka. Jikin jita, abin kiɗan nan mai tsirkiya, take fitarwa: ta zana kafaɗa, ta zana ƙugu, ta yanke, ta ɗora a kan kwali ta sake yankewa. Daga nan mijinta, Malam Lado kafinta, ya kwafe shi a siririn katako. Wannan shi ne samfurin da yake ɗorawa a kan falanki ya bi gefensa da zarto. Duk jitar da ta fito daga zaurensu a Takur, a kan tabarmar nan aka fara haihuwarta.

Makaɗa daga Ringim har cikin Dutse sun san Malam Lado, suna yaba hannunsa. Ita kuwa ko sunanta ba su sani ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa yau na ce sai na tona ta.

Tela ce tun tana budurwa. Shekarun baya wani ya kawo wa Malam jitar da ta tsage, ya ce a yi masa sabon jiki. Malam ya zana ya goge, ya zana ya goge, kullum sai ƙugun ya fito kamar tulu. Ta gaji da kallo ta ce, "Malam, ba ni nan. Wanda ya fitar da wuyan riga ai wannan ba zai gagare shi ba." Ta fitar kuwa, tsaf. Sai dai hannun tela ba ya mantuwa: ta bar rarar ɗinki, faɗin yatsa, a kewaye. Jita ta fito da ƙiba, ta ƙi shiga jakarta. Har gobe Malam yana tsokanarta da wannan. "Kin bar wa katako rara, jira kike ya girma?" Ita kuma ta ce ya gode wa Allah ba ta sa masa aljihu ba.

Abin da na gani da idona shi ne na ƙanena Uwaisu. Da jita yake ci da iyalinsa, daga wannan biki zuwa wancan. Bara waccan adaidaita sahu ta kife da shi a hanyar kasuwa, kafaɗarsa ta dama ta karye. Ɗori ya kama, amma hannun ya sage, ba ya ɗaguwa ya haye kan jita ya kai ga tsirkiya. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya koma yini a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Wata rana ya ce mini, "Yaya, jitar nan kai ta zan yi wajen Malam Lado ya nemo mai saye." Na ji kamar an soke ni. Na ce to, amma tare za mu je.

Shi da Malam suna zaure, ni ina ciki wajen Inna, tana jin komai. Ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Uwaisu, kafin a yi maganar sayarwa, aiko mini da rigar da ka fi yin kiɗa da ita."

"Riga kuma, Inna?"

"Riga. Ni ba na auna namiji, rigarsa nake aunawa."

Da aka kawo, ta shimfiɗa ta a rana ta duƙa a kai. Ta nuna mini inda yadin ya koɗe a daidai ciki, da inda ya side a cikin hannun dama. "Nan jitar ke zama, nan kuma hannu ke hawa," in ji ta. "Tudun kafaɗar jitar ne ya tare shi. Sauke shi za mu yi." Ta yanka kwali ta ba Malam. Malam ya kara a ƙirjin Uwaisu, ya shata iyakar inda hannun ke kaiwa, ya dawo da shi ciki. Ta rage, aka sake gwadawa, ta ƙara ragewa. Haka kwalin ya yi ta safa da marwa tsakanin zaure da gindin darbejiya har ta ce ya isa.

Jitar ta fito da zaftarar kafaɗa, wata iri, kamar an gutsure ta. Uwaisu ya rungume ta, hannu ya haye, amma yatsu da ƙyar suke taɓo tsirkiyar ƙasa. Ya ce, "Inna, saura ɗan kaɗan, a ƙara ragewa." Ta ce, "Je ka da ita haka." Ya fita yana gunaguni, ni ma a raina na ce tsohuwa ta koma halinta.

Haka ya yi ta fama, kullum yana miƙa hannu yana cije leɓe, yana ce mini Inna ta cuce shi. Kafin damina ta ɗauke, gunagunin ya tsaya. Ranar wani biki a unguwarmu na gan shi tsaye a tsakar fili, yatsunsa na gudu a kan tsirkiya duka, mata na guɗa. Da aka tashi, ya ɗaga wannan hannun sama da kansa yana gaida jama'a. Na yi kuka a bainar mutane, ban ji kunya ba.

Inna Hindatu, ke ce telar jita, mai almakashin da ba ya cin amana. Ke ce kika duba tsohuwar riga kika ga mutum a cikinta. Na gode, 'ya'yan Uwaisu sun gode, Allah ya ƙara wa idonki haske da hannunki ƙarfi. Masu sana'a kuma, maza da mata, ku duba wanda za ku yi wa aiki kafin ku duba katako ko yadi, kamar yadda take yi.

Washegarin bikin, ina wajen Inna, Malam Lado ya shigo yana dariya, ya ce mata a gabana, "Gaskiya dai, wannan karon ma rara kika bari."

Ba ta ɗago daga takardar da take yanka ba. "Na farko mantuwa ce, Malam. Wannan da gangan na bari. Da na yanka daidai hannunsa, da nan zai tsaya har abada. Katako ba ya girma, amma yaron nan na san zai miƙe."