Ƙarfen da Ya Karya Zarton Mai Katako

Wata rana na shiga kasuwar katako neman abin da zan yi ƙofa.

Akwai wani dattijo da nake saye a wurinsa. Kayansa sun fi na kowa sauƙi, kuma kowa ya san dalili.

Duk itacen da aka sara da izini, malaman daji kan buga masa tambari da guduma a gindin gungumen. Da ka gani ka san inda ya fito.

Shi kuwa bai taɓa dubawa ba. In ka yi magana ya yi dariya, wai tambari ba ya ƙara wa katako ƙwari. Ni ma, Allah na gani, na sha taya shi dariyar.

Ranar ina tsaye aka ɗora gungumen madobiya a kan inji.

Sai ƙas! Zarto ya ci karo da wani abu, haƙoransa suka zube.

Aka tsaga wurin, aka zaro wani tsohon ƙarfe mai lanƙwasasshen kai. Itacen ya daɗe da haɗiye shi.

Dattijon ya karɓa ya juya shi. Da gani ya gane shi.

Ashe mahaifinsa mai zuma ne. Irin ƙarfen nan yake kafawa a jikin bishiya, ya taka ya hau ya rataya amya. Kuma a wuri ɗaya yake kafawa: madobiyoyin bakin rafin ƙauyensu, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe da gaɓar maƙabarta.

Nan take ya kira yayansa a waya, yana ta zufa. Muna jin komai.

"Yaya, madobiyoyin bakin rafi fa?"

"Sai yau ka tuna da su? Tun rani aka sare. Ruwan makon jiya ya ci gaɓar, ya tafi da rabin maƙabarta. Har da kabarin Baba. Mun rasa bakin gaya maka ne."

"Su wa suka sare, Yaya?"

"Masu saran sun gudu. Ni wanda ya saya nake nema, in tambaye shi ko shi ba shi da uba."

Dattijon ya kashe wayar ya zauna a kan gungumen.

Wallahi ban taɓa jin kunyar arha irin ta ranar ba. Ƙofofin gidana duka daga rumfarsa suke.

Darasi: Kafin ka tambayi farashin katako, tambayi inda aka saro shi. Nemi tambarin. In babu, juya ka tafi. Mai saran sata ba ya shiga daji sai ya san akwai wanda zai karɓa bai tambaya ba.

Tura wa kafintanka, da duk wanda ka san yana gini a bana.